Ana auna yaro, ba a tambayar uwa

Idan mace ta haihu a garin nan namu na Damagaram, aka yi suna aka watse, sai kuma ta koma shiru, hukunci iri-iri ne ke jiranta. Uwar miji ta ce son jiki ne. Kishiya ta ce makirci ne, so take a riƙa lallaɓa ta. Maigida ya ce raini ne, tunda ya yi sallama ba ta ko ɗago kai ba. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta fara kuka ba dalili, ko ta riƙa kwana ido biyu tana kallon rufin ɗaki, sai bakin kowa ya zo ɗaya: iska ce ko sammu, a nemo malam. Ni a ganina da yawa daga cikin matan nan ba su da lafiya ne, ciwon damuwa ke damunsu, ciwon nasu yana da magani, kuma wanda sakacinmu ke fara faɗa wa shi ne jaririn da ke goye a bayanta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ciwon damuwa daban yake da ɓacin ran yini ɗaya. Masu jego da yawa zuciyarsu kan karye a kwanakin farko, hawaye ya riƙa zuwa ba wuya, amma kafin mako biyu abin ya wuce da kansa. Wanda likitoci ke magana a kai shi ne wanda ya zauna: mako biyu ko fiye, kusan kullum, zuciya a dagule, abin da mutum ke jin daɗinsa a da ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, gajiya ba a yi aikin komai ba, mutum yana ganin kansa ba shi da wani amfani, wani lokaci har ya ji gara ya mutu ya huta. Matanmu kuwa ba sa zuwa likita su ce suna cikin damuwa. Cewa suke yi kai na ciwo, jiki ba ƙarfi, gaba na faɗuwa, wani abu na yawo a jiki. A auna jini a ga ba zazzaɓin sauro, a ba ta maganin ciwon kai da na ƙarin jini, ta koma gida da abin da ta zo da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin ɗari na masu ciki da kashi 13 na waɗanda suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, akasari damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin masu jegon ya kusa kashi 20. Mace ɗaya cikin biyar ke nan. Sai mu ɗora wannan a kan halin da muke ciki. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna macen Nijar tana haifar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, binciken 2021 ya ce 6.2. A ƙidayar ta 2012, kusan uku cikin huɗu na 'yan matanmu an aurar da su kafin shekara 18. Abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin ciwon kuma duk muna da su a gida: ƙuruciyar uwa, talauci, duka ko zagi daga miji, rashin jituwa da dangin miji, cikin da ya zo ba a shirya masa ba, mutuwar ɗa. Macen da za ta yi jego sau shida ko bakwai, sau shida ko bakwai za ta bi ta bakin wannan rami.

To ta yaya ciwon da ke zuciyar uwa ke isa ga yaro? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma jariri ba shi da wani littafin da yake karantawa sai fuskar uwarsa. A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da har yau ake nuna wa ɗalibai. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskare fuska, ba murmushi ba magana, na kamar minti biyu. Jaririn zai yi mata dariya, ya miƙa hannu, ya yi gwalantu don ya jawo hankalinta. Da ya ga ba amsa sai ya rikice, ya kau da kai, ya fashe da kuka. Minti biyu ke nan, kuma uwar lafiyarta ƙalau, da ta saki fuska komai ya daidaita. Uwar da ke fama da damuwa tana iya yin watanni a haka, ba da sonta ba. A wannan musayar kallo da murya ne yaro ke koyon magana, yake koyon kwantar da hankalinsa, yake gane cewa in ya yi kuka akwai mai zuwa. Shi ya sa ake samun jinkirin magana da na fahimta a wurin irin waɗannan yara fiye da sauran.

Amma a Damagaram abin ya wuce maganar jinkirin baki, ya taɓa rai. Duk wadda ta raini yaro ta san ciyar da ɗan wata takwas aiki ne na naci. Ya ture cokali, ya furzar da kunu, sai da wasa da waƙa da lallashi kafin a samu ya sha abin kirki. Yaron da ya fara ramewa ma cin abincin ne ke fara fita ransa. Uwa mai kuzari za ta bi shi har sai ya ci. Wadda ko wanka sai ta yi da gaske take iya tashi ta yi, da ya ture sau biyu za ta ajiye kwanon. Haka in zawo ya kama shi: a haɗa ruwan gishiri da sukari, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan dare da rana, a lura da idonsa da maɗigarsa, a yanke shawarar yau za a tafi likita ba gobe ba, a nemi kuɗin kabu-kabu, a bi layi cikin rana. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Ko a ranar da akwai maganin a likita, sai an samu uwar da ta iya miƙewa ta kai shi.

Wannan ba hasashe ba ne. A yankin Rawalpindi na Pakistan, ƙauyukan manoma masu fama da talauci kamar namu, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun bi mata tun suna da ciki har 'ya'yansu suka shekara. Sakamakon da suka fitar a 2004 ya nuna 'ya'yan matan da suka yi fama da damuwa sun fi ramewa, sun fi tsumburewa, sun fi yawan zawo, ko da an cire bambancin arziki tsakanin gidaje. A 2011 aka haɗa bincike 17 daga ƙasashe 11 masu tasowa, aka ga alamar ɗaya: haɗarin rashin nauyi ya ƙaru da kusan rabi ga yaron da uwarsa ke cikin wannan hali. Jiharmu kuwa tana cikin waɗanda tamowa ta fi yi wa katutu a Nijar. Kowace damina, in hatsi ya ƙare a rumbu zazzaɓi ya sauko, gadajen yara a Magarya da cikin gari cika suke yi. Muna auna dantsen yaro da igiya mai launi uku, muna rataye shi a sikeli, muna ba shi abincin tamowa na leda, ya murmure a sallame shi. Bayan wata uku ga shi ya dawo. Sai a hau uwar da faɗa, a ce ta sayar da abincin ko ta raba wa yayyensa. Wataƙila haka ne, ana yi. Amma ba wanda ya dube ta ya ce, “Baiwar Allah, ke kina samun barci kuwa?” Abin kuma juyawa yake yi: uwar da ta kwana arba'in tana jinyar ɗan da ba ya ƙiba, ana nuna ta da baki a cikin gida, ko da lafiyarta ta fara sai zuciyarta ta karye.

Kada a haɗa wannan da kunyar ɗan fari. Yarinyar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, in an kaɗaice za ka same ta tana shinshinar kansa, kuma kaka da goggo sun cike gurbin da al'ada ta sa ta bari. Matsalar kawai ita ce kunyar tana yi wa ciwon rufa-rufa. Amarya 'yar shekara 16 da ba ta kula jaririnta sai a yaba mata a ce ta san ya kamata, alhali ko su biyu ne a ɗaki ba ta jin komai game da shi, kuma tana tsoron faɗa don kada a ce ba ta da imani.

Manyan yara nasu kason daban ne. A gidan da uwa ta kwanta, 'yar shekara tara ce ke zama uwa. Ita ke goyo, ita ke hura wuta, ita ke tare mai garuwa in famfo ya ɗauke, kuma a garin nan kowa ya san yadda yake ɗaukewa. Lakwal sai ranar da ta samu sarari, daga baya ta daina zuwa gaba ɗaya, malamin lakwal ya rubuta cewa iyayen ba su damu da karatu ba. Damuwa kuma ba kullum take zuwa da shiru ba, tana zuwa da saurin fushi. Yaro ya zubar da ruwa ya sha dukan da ya fi laifinsa, uwar ta koma ɗaki tana kuka tana tsine wa kanta. Yaro ba ya cewa Inna ba ta da lafiya. Cewa yake yi a ransa shi ne mugu, shi ne ba a so. Binciken da aka daɗe ana yi a kan iyalai ya nuna 'ya'yan masu wannan ciwo sun ninka sauran yara sau biyu zuwa uku wajen kamuwa da shi in sun girma, wani ɓangare gado ne na jini, wani kuma na zaman gida. Labari mai daɗi a nan shi ne abin da Myrna Weissman da tawagarta suka gani a Amurka a 2006: da aka yi wa iyaye mata magani suka warke cikin wata uku, matsalolin 'ya'yansu sun ragu, alhali ba a ba yaran ko ƙwaya ɗaya ba.

Maza fa? Mu ne muka fi kowa iya ɓoyewa, tunda an raine mu a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike da dama ya gano kusan uba ɗaya cikin goma yana shiga damuwa tsakanin cikin matarsa da shekarar farko ta haihuwa, kuma in uwa na fama, uban ma ya fi kusa da faɗawa. Namu ba kasafai yake fitowa da hawaye ba. Mutum ne zai tafi cin rani Libiya ko Kano ya dawo hannu rabbana, ko jarinsa ya karye a Kasuwar Dole, sai ka ga ya daina shiga gida sai yara sun yi barci. Yana fada daga la'asar har tsakar dare, ana shayi ana dariya shi yana kallon ƙasa. In matashi ne sai ya fara neman sauƙi a tramol. Ya shigo gida, yaro ya rugo ya ce “Baba sannu da zuwa”, ya daka masa tsawa. Ƙaramar magana sai saki. Ba ina wanke mugun miji ba ne, akwai wanda halinsa ne kawai. Amma mutumin da a da yake ɗora ɗansa a wuya ya kai shi kallon hawan sallah ƙofar Sarki, yau ba ya son jin motsinsa, wani abu ya same shi, kuma abokan fadarsa sun riga kowa gani.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce ciwon 'yan boko ne da masu ƙoshi. Matar da ba ta san abin da za ta ɗora a wuta da dare ba, hatsi take buƙata, ba hira ba. Wanda ya tuna mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, ba zai raina abin da yunwa ke sa uwa ta yi ba. Na yarda talauci ne babban tushe, kuma duk abin da ya sa tiya ɗaya ta gero a gidan maijego ya rage mata nauyi. Sai dai a gida ɗaya, tukunya ɗaya, miji ɗaya, za ka ga ɗan wannan ɗaki yana gudu, ɗan wancan yana kwance. Kuma ciwon yana ƙara talaucin: mai ƙuli-ƙuli ta daina suya, mai ɗinki ta rufe keke, adashi ya wuce ta. Cewa sai mun gama da talauci za mu dubi damuwa daidai yake da cewa sai mun gama da talauci za mu yi maganin hawan jini.

Za a kuma ce raunin imani ne, mai tawakkali ba ya damuwa. Wannan ita ce maganar da ta fi cutar da mata, don tana ƙara wa mara lafiya laifi a kan ciwo. Annabi Yaƙub, Alƙur'ani ya faɗa mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, fatan ta mutu kafin wannan rana ta yi, kuma amsar da ta samu ba faɗa ba ce: an ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ta ci ta sha. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib shekarar baƙin ciki ake ce mata. Ba ni da ja da addu'a ko ruƙiya. Abin da nake roƙon malamanmu shi ne in an kawo musu maijego, bayan sun yi nasu, su ce wa mijin ya kai ta likita. Maganarsu ta fi ta kowane ma'aikacin lafiya shiga kunnen maigida.

Akwai ma irin da ba ya jiran shawara. Mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a makonni biyun farko bayan haihuwa, hankalinta kan gushe: ba barci sam, tana surutai, tana jin muryoyi, tana cewa jaririn ba nata ba ne. Wannan, da duk wadda ta ambaci kashe kanta ko cutar da ɗanta, ba a barinta ita kaɗai, ba a ɗaure ta, babban asibiti ake kai ta a ranar. Ana warkewa.

Kakanninmu ba su bar maijego haka kawai ba. Goyon ciki a gidan iyaye, kwana arba'in ba daka ba ɗibar ruwa, tsohuwa a ɗaki tana karɓar jariri don uwa ta runtsa, kunun kanwa da nama, 'yan barka suna shiga suna fita. Ruwan wanka mai ƙuna da kanwa mai yawa likitoci sun yi gargaɗi a kansu saboda zuciya, kuma da gaskiyarsu. Amma hutun da rakiyar magani ne na gaske, kuma su ne muke zubarwa. A gidan haya a Sabon Gari ko Garin Malam, uwarta na ƙauye, miji ya fita tun asuba, ranar takwas ta koma bakin murhu. A haihuwa ta biyar kuwa ba mai ko tunanin tana buƙatar hutu, an ce ai ta saba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, yawancinsu a Yamai, kuma ba za mu jira su yawaita ba. Ba ma sai mun jira ba. Shi dai Rahman ɗin ya horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida a ƙauyukan Pakistan, ba likitoci ba, su riƙa zama da mai ciki da maijego suna sauraronta, suna taimaka mata ta warware tunanin da ya ɗaure ta, suna jawo miji da uwar miji cikin kula da ita. Sakamakon 2008: bayan wata shida, kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, a cikin waɗanda ba a yi wa haka ba kuwa kashi 53. Nauyin yaran bai bambanta sosai ba, gaskiya a faɗe ta, amma zawo ya ragu, rigakafi ya ƙaru, iyaye sun fi wasa da 'ya'yansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da tsarin littafin horo a 2015. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a kan benci a harabar likita suna sauraron mutane. Ga wadda ciwonta ya yi tsanani kuma akwai ƙwayoyi masu araha, har da waɗanda mai shayarwa za ta iya sha in likita ne ya zaɓa. Suna ɗaukar makonni kafin a ji aikinsu, kuma ba a yanke su da an ji sauƙi.

Mu kuma muna da ma'aikatan sa kai a unguwanni da ƙauyuka da ke auna dantse, muna da ungozomomi, muna da makarantun mazaje da aka fara a wannan jiha tamu kafin wasu ƙasashe su kwaikwaya, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita. A ƙara musu wannan darasi: yadda miji zai gane matarsa ta canza, ya karɓi yaro ta yi barci, ya tsaya tsakaninta da gorin dangi cikin ladabi, “Inna, ki yi mata uzuri, ba ta da lafiya ne.” A wurin awo da rigakafi kuma, inda kusan kowace uwa ke bi, a riƙa yin tambaya biyu da aka daɗe ana amfani da su a wasu ƙasashe: a watan nan kin yawaita jin zuciyarki a ɓace ko kin fid da rai? Abubuwan da kike jin daɗinsu sun fita ranki? Ba a gaban layi za a yi ta ba, inda maƙwabciya ko kishiya ke kasa kunne, don ba wadda za ta amsa gaskiya a nan. Wadda ta ce e, a zauna da ita, a sa mata ranar dawowa. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta buɗe wa tambayar gurbi a cikin karnen awon uwa da yaro, kuma rahoton da majo, shugaban likitar, ke aikawa gunduma kowane wata ya ƙunshi yawan matan da aka tambaya da yawan waɗanda aka tura gaba.